Neman shawara: dunƙulen cakulan mai kabewa, yadda za a yi shi a zafin Kumasi

Maman Zainab, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ƙanwata da ke zaune a Amurka ta turo mini bayanin wata alewa da suke yi a can idan kaka ta kama, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da kabewa take cika kasuwanninsu. Ana narka cakulan da kirim ɗin madara, a zuba niƙaƙƙiyar kabewa da kayan ƙamshi, a bar haɗin ya daskare, sannan a mulmula shi ƙanana-ƙanana a birkita cikin garin koko. Ina son in yi shi domin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗana a ƙarshen Nuwamba, kuma idan ya karɓu in haɗa shi da cincin da dubulan da nake sayarwa.

Matsalar ita ce bayanin nata ya dogara da kabewar gwangwani, wadda ba na ganinta a kasuwar Kejetia, ga shi kuma kirim ɗin yana da tsada, ba kowane kanti yake ajiye shi ba. Shin kabewar da muke miyar taushe da ita za ta yi? Sannan wace dabara ce za ta hana dunƙulen narkewa a kan tire kafin baƙi su kai hannu?

Hajiya Balaraba, Nima, Accra

Wa alaikumus salam, Maman Zainab, Allah ya sa albarka a karatun yaro. Kabewarmu za ta yi, har ma na fi son ta a kan ta gwangwani, amma da sharaɗin ki raba ta da ruwan jikinta, domin kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin kabewa ruwa ne, kuma ruwan nan shi ne yake hana haɗin daskarewa, shi ne kuma yake sa ya yi saurin lalacewa. Saboda haka kada ki dafa ta cikin ruwa kamar yadda muke yi idan za a yi taushe.

Ki zaɓi wadda ta ƙosa sosai, mai nauyi a hannu, wadda cikinta ya yi ja kuma farce ba ya shiga ɓawonta da sauƙi. Ki raba ta, ki kwashe 'ya'yan da zaren cikin, ki kifa ta a kan faranti ki gasa a wuta mai digiri 190 zuwa 200 na kimanin minti 45, har cokali ya riƙa nutsewa a cikinta. Idan babu tandar gashi, ki turara ta a madambaci, sai dai aikin da zai biyo baya zai ƙara tsawo. Bayan ta huce ki kankare naman, ki niƙa, ki bi da shi ta rariya don fitar da zare, ki ƙulle a farin ƙyalle mai tsabta ki rataye ya tsane.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe. Ki juye kabewar a busasshiyar tukunya, ba mai ba ruwa, ki sa wuta kaɗan, ki riƙa juyawa da muciya ba tsayawa. Da farko za ta yi ta tsartuwa tana fitar da tururi, daga baya launinta zai koma ja mai duhu, ƙamshinta ya sauya ya zama na gashi, ta fara barin gindin tukunya tana bin muciya kamar tuwon da ya tuƙu. Idan kika ja layi a tsakiya bai rufe ba, to ta yi. A lokacin za ki ga ta ragu zuwa kusan rabin yadda kika zuba ta, kuma ɗanɗanonta ya taru wuri ɗaya, wanda shi ne zai ba ta ƙarfin fitowa a cikin cakulan. Kayan ƙamshin ma a nan nake zuba su, minti biyu kafin in sauke, saboda zafi yana buɗe su fiye da idan an barbaɗa su a haɗin da ya riga ya huce.

Malam Iliyasu, Tema

Hajiya ta gama magana a kan kabewa, ni kuma zan taɓa ɓangaren cakulan, tun da shi ne aikina a ɗakin girkin otal. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce awo biyu na baƙin cakulan ga awo ɗaya na kirim, a sikeli ba a kofi ba. Kabewa kuwa ana lissafa ta cikin kason kirim ne, ba a ƙara ta a kai. Misali, ga giram 200 na baƙin cakulan mai kashi 60 zuwa 70 na koko, ki sa giram 60 na kabewar da Hajiya ta bayyana, da giram 40 na kirim, da bota cokali ɗaya, da ɗan gishiri. Wannan zai ba ki dunƙule 20 zuwa 25 idan kowanne bai wuce giram 12 zuwa 15 ba.

Ki yayyanka cakulan ƙanana a kwano busasshe. Ki ɗumama kirim da kabewa tare har su fara alamar tafasa, ki juye a kan cakulan, ki bar shi minti biyu ba tare da taɓawa ba, sannan ki fara juyawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe har ya haɗe ya yi sheƙi. Idan kika ga mai yana fitowa a sama, ki ƙara madara mai ɗumi cokali ɗaya ki ci gaba da juyawa, zai koma daidai.

Game da narkewa, man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, kuma yana fara laushi tun kafin nan, alhali zafin rana a Kumasi yakan haura 30 a ƙarshen shekara. Don haka ni zan rage kirim ɗin zuwa giram 25 in bar sauran yadda yake. Ki mulmula da asuba ko da dare, ki riƙa fitar da haɗin daga firji kaɗan-kaɗan, ki kuma shafa garin koko a tafin hannu. Cakulan da kamfanin sarrafa koko na nan Tema yake yi da sunan Golden Tree yana jure zafi fiye da yawancin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, sai dai nau'insa na Kingsbite da aka fi sani na madara ne, kuma na madara ya fi baƙi laushi, saboda haka idan da shi za ki yi, ki kai shi giram 250 zuwa 300 a kan wancan awon. Abin mamaki ne a ce ƙasar da take cikin manyan masu noman koko a duniya, wadda take noma shi tun zamanin da Tetteh Quarshie ya shuka shi a Mampong na Akuapem, har yanzu mai neman baƙin cakulan na girki sai ya zagaya manyan kantuna.

Anti Ladi, Asawase, Kumasi

Malam, da girmamawa, ban yarda da baƙin cakulan mai kashi 70 a wannan aikin ba. Ɗacinsa yana danne kabewa gaba ɗaya, mai ci ba zai ji komai ba sai cakulan da kirfa, kuma yaranmu da za su cika wurin walima ba su saba da ɗaci ba. A ganina cikin dunƙulen a yi shi da cakulan na madara ko fari, ɗacin ya tsaya a garin kokon da ke bayansa. Farin cakulan ba shi da komai sai man koko da sukari da madara, shi ya sa yake barin launin kabewa ya fito idan an gutsura.

Maganar kirim kuma, Maman Zainab, akwai hanyar da mutanen Brazil suke bi wadda ba ta buƙatarsa sam. Ki zuba gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai sukari a tukunya, da kabewar da kika ƙafe cokali huɗu, da garin koko marar sukari cokali uku, da bota cokali ɗaya, ki tuƙa a wuta kaɗan har ya saki gindin tukunya. Yawan sukarin yana sa ya fi daɗewa, kuma ba ya zubewa a tire ko da an ɗauke wuta, amma ya fi danƙo da zaƙi, ba ya narkewa a baki irin na Malam. Madarar ruwa ta gwangwani da muke shan shayi da ita ba ta maye gurbin kirim kai tsaye, domin manta bai kai ko kusa da kashi 35 da kirim yake da shi ba, sai an cike giɓin da bota.

Kayan ƙamshin da Amurkawa suke sawa duk muna da su a wajen masu kayan yaji: kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi da kanumfari. Kirfa rabin ƙaramin cokali, citta rubu'i, sauran biyun abin da yatsu biyu suka ɗauka kawai, musamman kanumfari, wanda idan ya yi yawa babu abin da zai gyara shi. Ni nakan jefa kimba guda ɗaya da aka fasa cikin madara lokacin ɗumamawa in cire ta kafin haɗawa.

Maman Zainab, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gwada na Malam da cakulan na madara kamar yadda Anti Ladi ta ce, in yi na madara mai kaurin domin yara. Saura abu biyu: a bayanin ƙanwata an ce a sa ruwan banila, kuma na ji ana cewa akwai giya a cikinsa. Sannan kwana nawa kafin walima ya kamata in yi?

Hajiya Balaraba, Nima, Accra

Abin da kika ji gaskiya ne, ruwan banila na asali a Amurka ana jiƙa shi ne da barasa wadda ba ta gaza kashi 35 cikin 100 ba, kuma wasu bayanan ma suna cewa a zuba giya kai tsaye. Ki duba rubutun jikin kwalba, ko ki nemi banila ta gari, ko ki bar ta baki ɗaya, tun da kirfa da citta sun wadatar.

Kabewar za ki iya ƙafe ta tun yanzu ki daskarar a firiza cikin ƙananan leda. Dunƙulen kansa kuwa ki yi shi kwana biyu kafin walima, ki ajiye a firji cikin roba mai murfi, kada ya wuce kwana biyar saboda akwai kabewa da madara a ciki. Ranar taro ki fitar da robar ki bar ta a rufe na kusan rabin awa kafin ki buɗe, domin idan iska mai ɗumi ta taɓa shi yana da sanyi zai yi gumi, garin kokon ya jiƙe ya yi dabbare-dabbare. Ki sake birkita shi a sabon gari, ki jera kowanne a ƙaramar takardar kek, sauran kuma su zauna a cikin kula mai ƙanƙara a riƙa fitarwa tire ɗaya bayan ɗaya.