Na sa an rubuta sunan mahaifiyata a hannuna, yanzu ina jin nauyin naɗe hannun riga

Ɗan Marigayiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawararku kan wani al'amari da na kasa faɗa wa ko da 'yan ɗakinmu. Ina karatu a ƙasar waje Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, kuma kafin labari ya iso ni har an kai ta makwancinta, saboda haka ban samu jana'iza ba, ban kuma samu zaman makoki ba. Bayan wata biyu ina cikin ƙuncin da ban san yadda zan yi da shi ba, sai na shiga shagon masu tatu, na ba su hoton sunanta kamar yadda ta rubuta shi da ajami a bangon littafin addu'o'inta, suka zana mini shi da allura a cikin hannuna na hagu, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu.

Tun da na dawo Zariya nake sanye da riga mai dogon hannu, har a tsakiyar zafin watan Afrilu, kuma a gida nake yin alwala kafin in fita masallaci. Rana ɗaya da na yi ta a bakin famfon masallaci, wani dattijo ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya ɗauki butarsa ya matsa gefe bai ce mini uffan ba. Yanzu magabatana na shirin zuwa nema mini aure bayan Sallah. Shin in sanar da yarinyar tun yanzu, ko in nemi a goge zanen kafin kowa ya gani?

Goggo daga Sabon Birni ta amsa:

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa Aljanna ce makomarta. Ni da nake rubuta maka wannan ina ɗauke da tsagar Gobirawa daga gefen baki zuwa kunne, ina kuma da jarfa a wuya wadda wanzami ya yi mini da aska ina budurwa, ya shafe ta da baƙin tukunya domin ta kama. A wancan lokaci tsagar ita ce ke shaida wa baƙo ko 'yar gidan su wane ce ni, jarfar kuwa ado ce da muke gasa da ita a dandali. Yau jikokina tambayata suke yi wa ya ji mini ciwo a fuska, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga ko zane a fata. Abin da aka yi mini guɗa a kansa jiya shi ne laifi yau, alhali fuskar tawa ba ta sauya ba.

Dattijon da ya matsa da butarsa bai ga mahaifiyarka a hannunka ba. Abin da ya gani shi ne abin da ya saba gani a jikin 'yan daba da mawaƙan Turai. Babu wanda zai san ma'anar zanen sai ka buɗe baki. Ka faɗa wa yarinyar da kanka kafin magabata su zauna, domin in masu binciken aure suka riga ka kai labarin, za su kai shi ne babu maraicin da ke bayansa.

Almajirin Zaure ya amsa:

Ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka hukunci don in faranta maka ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mas'ud da Abdullahi bin Umar tsinuwa ga mai yin zane a fata da wadda ta nemi a yi mata, kuma malaman Sunna sun tafi a kan haramcinsa ga namiji da mace, ko da niyyar mai yinsa kyakkyawa ce. Sai dai wanda ya tuba ba a ci gaba da ɗora masa laifin da ya bari. Imamu Nawawi ya bayyana cewa idan za a iya cire shi ba tare da cuta ba to a cire, idan kuwa ana tsoron lalacewar gaɓa ko mummunan tabo a wuri bayyananne, cirewar ba ta wajaba ba, tuba ta wadatar. Malamai da dama kuma sun yi fatawar cewa alwalarka ta inganta, tunda tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa ta. Abin da zai isa ga mahaifiyarka a kabarinta shi ne addu'ar ɗa nagari da sadaka da sunanta, kuma wannan yana hannunka kullum.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam, ina roƙonka kada gaggawar aure ta sa ka taɓa wurin da ruwan batir, ko reza, ko ƙarfe mai zafi. Na sha wanke irin waɗannan raunuka, kuma tabon da suke bari ya fi zanen muni, musamman ga mu masu baƙar fata da tabonmu kan yi tudu ya ci gaba da girma. Tawadar tana zaune ne a shimfiɗa ta biyu ta fata, shi ya sa ba ta fita da goga. Likitocin fata suna amfani da na'urar leza wadda ke farfasa ta, jiki ya kwashe ɓurɓushin a hankali, kuma ana yin haka zama bayan zama da tazarar makonni, har aikin ya ci watanni. Baƙar tawada ta fi sauƙin fita, amma wurin yana iya yin haske fiye da sauran fata. Ko ka yanke shawarar gogewa yau, ba zai ɓace kafin Sallah ba.

Ɗan Marigayiya ya sake rubutawa:

Na gode, Goggo, na gode Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karɓi hukuncin, na kuma nemi ganin likitan fata a mako mai zuwa. Jiya da daddare na fara da ƙanwar mahaifiyata, wadda ita ce uwa a gare ni yanzu. Na naɗe hannun riga a gabanta ina jiran faɗa, sai ta jawo hannun kusa da fitila ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wannan rubutun Yaya ne, ta gane shi daga yadda take karkata harafin ƙarshe. Ta yi kuka, ta ce ban kyauta ba, ta kuma ce gobe ita za ta raka ni gidan su yarinyar.