Dan Allah masu Turanci ku taimaka, late ne ko later?

Sabon Ma'aikaci:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min kafin gobe don wallahi hankalina a tashe yake. Ban daɗe da fara aiki ba, kuma ogan da nake ƙarƙashinsa mutum ne mai tsantseni a kan rubutu, ko waƙafi ka tsallake sai ya dawo maka da takarda, an ma ce wanda na gada haka suka yi ta fama har ya nemi a canja masa sashe, ni kuma ga iyali sun dogara da aikin nan. To ya tambayi rahoto ta imel sai na rubuta masa "The report will be ready late on Thursday", nufina can da yamma ranar Alhamis. Amsarsa kalma ɗaya ce tak: "Late?" Wata da muke ofis ɗaya ta ce ai later ya kamata in sa. Gobe zan sake turawa, me zan rubuta? Early da earlier, soon da sooner ma duk sun cakuɗe min yanzu.

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa. Later, earlier, sooner duk na kwatance ne, lokaci biyu ake aunawa, shi ya sa suke tafiya da than: "earlier than Monday", "no later than Friday". In babu than kar ka sa su, shi ke nan. Tsakanin as da as kuma ba sa shiga, "as soon as possible" ake cewa. Jimlarka daidai take, 'yar ofis ɗinku ce ba ta sani ba.

Anti Babba:
Malam ban yarda da wannan "in babu than" ɗin ba. "See you later" fa? "Sooner or later" fa? "Two days later" fa? Duk babu than kuma daidai ne, kwatancen a ɓoye yake, ko dai da yanzu ake aunawa ko da lokacin da aka riga aka ambata. Shi late fuska biyu gare shi, yana nufin makara, yana kuma nufin ƙarshen yini kamar "late at night". Ƙanina ina ganin ogan naka makara ya karanta.

Direban Dare:
Hmm ogannin nan sai addu'a. Ni nawa na taɓa rubuta masa cewa kaya sun iso "two hours late", wato sun makara da awa biyu, ya ja jan biro ya mayar "two hours later" wai ya fi daɗin ji, alhali wannan bayan awa biyu kawai yake nufi, babu maganar makara a ciki, da aka zo bincike sai ya zama kamar ni na ɓoye laifin masu kawo kayan, har yau abin na ci min rai.

Uwar Gida:
Ni tambayata ɗaya, yaushe ne wa'adin rahoton? In Laraba ce to ba nahawu yake tambaya ba.

Sabon Ma'aikaci:
Anti ai na sa "on Thursday" a gaba, ta ya za a karanta makara? Na yi tunani sosai kafin in tura, ba kawai na buga ba. Kuma later ɗin nan da ake cewa, later fiye da me?

Malamin Nahawu:
Yauwa, ka ga ka kamo bakin zaren. "Later on Thursday" sai in kuna cikin Alhamis ɗin ko an riga an ambaci wani abu da zai faru a ranar, misali mitin da safe. Misalan Anti zaunannun maganganu ne da ake haddacewa. Kar ka canja ko harafi, ka mayar masa da jimlar yadda take ka ƙara cewa yamma kake nufi.

Anti Babba:
Ba haddacewa ba ce Malam, "I came earlier" ɗazu na zo, "I came early" na zo da wuri kafin lokaci, kullum mutane na ƙirƙirar irin wannan. Kai dai ƙanina ka bar late ɗin gaba ɗaya ka rubuta "by Thursday evening", babu mai ruɗewa.

Sabon Ma'aikaci:
To amma in na canja ai kamar na amsa cewa ta farkon ba daidai ba ce, kuma Malam ya ce daidai ce. Ni dai ina ganin zan bar ta haka, ko kuma in same shi ofis baki da baki, ban san wanne ya fi ba wallahi.

Uwar Gida:
Ɗan uwa har yanzu ba ka faɗa mana ranar wa'adin ba fa.