Me za mu kira string da Hausa? Ni dai "ƙunshi" na zaɓa

1/ Daren Asabar a Agege muna koya wa ƙannenmu SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Wani yaro ya rubuta wannan:

SELECT suna FROM mambobi WHERE gari = 'Jama'are';

Na'ura ta ce atafau ba ta gane ba. Ya ce, "Yaya, ai daidai na rubuta sunan garinmu." Gaskiyarsa. Da na zo yi masa bayani sai na ji bakina ya cika da lexer, token, string (wato rubutun da ake sawa tsakanin alamar ' biyu), babu ɗaya da Hausa. Shi ne na kawo maganar nan.

2/ Kafin rumbu ya fahimci tambaya, akwai wani ɗan aiki da ke bin rubutun harafi bayan harafi, yana ware shi gutsure-gutsure. Shi ne lexer. Ba ya duba ma'ana. Wannan aikin wanda ke biye da shi ne, mai li'irabi, kalmar da masu nahawu suka riga suka ba mu. Wani abokina mai gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja ya ce a kira lexer "mayanki". Na ce haba malam, mu da ke maƙwabtaka da mayankar Oko-Oba, yara za su ɗauka wuƙa za a ba su. Na fi son "matsinci", kamar mai tsintar wake a faifai: ta ɗauki ƙwaya, ta zubar da tsakuwa. Token kuwa, wato kowane gutsure da aka ware, sai ya zama "ƙwaya". Kada kowa ya yi dariya, ai muna da ƙwayar sauti da ƙwayar ma'ana a nazarin harshe.

3/ Whitespace bai ba mu wahala ba: "sarari". Sarari ɗaya ko goma ko sabon layi, duk ɗaya ne a wurin matsinci. Amfaninsa kawai ya raba SELECT da suna, daga nan a zubar.

4/ Comment, wato bayanin da ake rubuta wa mutane a cikin umarni ba don na'ura ba, shi ne ya ɗan ja gardama. Wasu sun ce "sharhi", wasu "tsokaci". Wani dattijon malami daga Idi-Araba ya ce, "Ɗana, ku ce hashiya." Wato rubutun gefen littafi, wanda mai biya karatu yake tsallakewa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na karɓa. A SQL hashiya iri biyu ce: daga -- zuwa ƙarshen layi, ko tsakanin /* da */. Manhajojin rumbun bayanai sun ɗan bambanta: MySQL ya ƙara #, kuma yana neman sarari bayan --, shi ya sa 5--1 yake ba da 6 a wurinsa, PostgreSQL kuwa ya ba da 5, don ya ɗauki sauran hashiya ce. Akwai ma hashiyar da ake karantawa: Oracle yana duba abin da ke cikin /*+ */ a matsayin shawara kan yadda zai aiwatar da tambayar.

5/ To, string. An kawo "zare". A'a. Wannan kwafar Turanci ce tsagwaronta, Bahaushe bai taɓa ganin zare a cikin rubutu ba. An kawo "jerin haruffa", wanda ba ƙarya ba ne, amma SELECT ma ai jerin haruffa ne. Abin da ya bambanta string shi ne an naɗe shi, an ɗaure baki biyu, matsinci kuma ba ya tsince abin da ke ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan goro a Agege ya san ƙunshi: ganye ta nan, ganye ta can, kaya a tsakiya. Sarari biyu a cikin 'Birnin  Kudu' ba a zubar da su, kuma -- a cikin ƙunshi ba hashiya ba ce, rubutu ne kawai.

6/ Da wannan kalmar, cikin minti ɗaya yaron ya gane. Alamar ' ita ce ɗaurin ƙunshi, ita ce kuma hamzarmu a rubutun boko. Matsinci ya buɗe ƙunshi a J, ya iso hamzar Jama'are ya ɗauka ɗauri ne ya rufe. Ya ga are a waje, sannan ya buɗe sabon ƙunshi da har layi ya ƙare bai sami bakinsa ba. Magani shi ne a ninka hamzar: 'Jama''are'. Ku gwada 'ya'ya ku sha kallo: '''ya''ya'. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ maimakon 'y sun huta da rabin wannan wahalar. Ta wannan ƙofar ce kuma ɓarayin intanet suke shiga: su sa hamza su rufe ƙunshi da wuri, su cusa umarninsu, su bi da -- sauran tambayar ta zama hashiya.

7/ Saura ɗaya. A ƙa'idar SQL, ɗauri mai baki biyu, wato ", na sunan tebur ne ko shafi, ba ƙunshi ba. Malam ya ce "laƙabi", abokina na Ikeja ya ce "suna mai rawani". Asabar mai zuwa za mu gwada duka biyun a kan yaran.