Na haɗa facin PES mai ƙungiyoyin gida, in sayar ko in raba kyauta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa faci (fayil ɗin da ke sauya abubuwan cikin wasa) na PES 2021, wasan ƙwallon ƙafa, na kwamfuta, na sa Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi da Wikki da rigunansu, har filin Sani Abacha. Masu gidajen gem sun ce in sa kuɗi su saya. Tsorona doka: wasan na Konami ne, tambura kuma na ƙungiyoyin. Wanda ya taɓa sayar da irin wannan ya faɗa min yadda ta kaya.

Abba PS: Wa alaikumus salam. Turo min na PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP a waya, in gwada.

Ɗan Fagge: Na kwamfuta na ce, Abba.

Sadiku Gwale: Ƙanena, rabu da mod, wato sauya wasa irin facin nan naka, ko da kyauta ne. Wani wasan harbi na waya, na kai matakin da ko a unguwarmu ba mai ja da ni, kuɗin da na zuba wajen sayen kaya a ciki ya isa sayen tunkiya. Wani yaro a kasuwar waya ya sa min mod, wai launin bindiga kawai yake canzawa. Washegari na buɗe, sai ga jan rubutu: an rufe asusuna shekara 10. Na tura saƙo har na gaji, amsa ɗaya na'ura take maido min. Yaron kuwa cewa ya yi ƙaddara ce.

Mai Gidan Gem: Allah Ya mayar da alheri. Amma naka na intanet ne, nasa ba ya hawa ko'ina. Ɗan Fagge, mu dubu 3 muke sayen faci a filashi.

Abba PS: Dubu 3? An cuce ka, Oga. Ɗari biyar ake tura shi.

Nura Zariya: A nan wani dubu 15 ya karɓa, da sharhin Hausa a ciki.

Ummi Lauya: Ku bar farashi tukuna. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi manhajar kwamfuta, kuma sauya aikin wani haƙƙin mai shi ne. Kuɗin shi ke ta da kamfani daga barci. A 2017 Take-Two, uwar kamfanin Rockstar mai wasan GTA, ta sa an dakatar da OpenIV, manhajar yi wa GTA mod, da jama'a suka yi ca sai Rockstar ta ce galibi ba za a bi masu mod na wasan mutum ɗaya ba muddin ba kasuwanci suke yi ba. A 2024 kuma masu Yuzu, manhajar buga wasannin Nintendo Switch a kwamfuta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4.

Mai Gidan Gem: Hajiya, wannan duk Amurka ce. Wa zai taso daga Japan ya zo Fagge neman filashi? Mu da muke cikin sana'ar mu za a tambaya.

Ummi Lauya: Pillars ai ba a Japan take ba, kuma tambarinta ne.

Sadiku Gwale: Ni ma haka na ce, wa zai gan ni.

Abba PS: Idan an kama ka, Ɗan Fagge, ka bar min kwamfutar amana.

Nura Zariya: Ni ban ga laifin masu faci ba. Da eFootball 2022, magajin PES, ya fito da kyau wa zai maƙale wa PES 2021? Fuskokin 'yan wasa kamar an bar kyandir a rana, har Konami ta fito ta ba da haƙuri.

Mai Gidan Gem: Sabuntawa ce ma ta fi ci min rai. Yara sun cika shago ranar Asabar, injin janareta na shan mai, sai na'ura ta ce sai ta sauke giga kaza kafin a buga. Data ta ƙare a rabi, kowa ya karɓi kuɗinsa.

Abba PS: Ka riƙa saukewa da tsakar dare, datar dare ta fi araha.

Mai Gidan Gem: Da wace wutar?

Ɗan Fagge: To ni dai, in sayar ko kuwa?

Nura Zariya: Tsaya, wane layi ne yake da datar daren yanzu?