Wuƙaƙen Laguiole shida a yuro 90, ko guda ɗaya mai sunan maƙeri?

Surukin Hausawa: Assalamu alaikum. Sabon shiga ne ni, kuma Bafaranshe. Hausata a bakin matata na same ta, in kun ga kuskure laifin ɗalibi ne, ba na malama ba. Kakana ya rasu ya bar mini tsohuwar Opinel lamba 8, wuƙar aljihu ta Faransa, ita ta jefa ni sha'awar tara wuƙaƙen aljihu. Ga abin da ke tafe da ni. A kasuwar tsofaffin kaya ta unguwarmu wani ya nuna mini Laguiole guda shida cikin akwatin katako, ƙota kala-kala, kowace da siffar ƙudan zuma ta ƙarfe a wuya. Ya ce yuro 90 duka, zai ajiye mini zuwa Lahadi. Babu sunan maƙeri a jikin ruwan, "Laguiole" kawai aka buga. Yuro 120 ke hannuna. In kwashi shidan, ko in daure zuwa watan Mayu, lokacin bajekolin wuƙaƙe na Coutellia, in je Thiers, garin maƙeran wuƙa, in sayi guda ɗaya? Opinel ina da ita, ba ita nake tambaya ba.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, lale marhabin da suruki. Allah ya jiƙan kaka. Shawarata ka fara da Opinel. Tun 1890 ake yin ta a Savoie, ba ta kai yuro 15 ba, ga zoben nan na kulle ruwan wuƙar da suka ƙara mata a 1955. Ka tara daga lamba 6 zuwa 10 tukuna, sai mu yi magana.

Ƙanin Kowa: Yaya, mutumin nan da bakinsa ya ce yana da Opinel. Amma ni abin da ya ba ni dariya daban ne: Bafaranshe ya zo yana tambayar Hausawa wuƙar Faransa! Mai gida na tambayar baƙo hanyar ɗakinsa. Suruki, kafin komai, ka kawo goron shiga.

Alhaji Mai Kube: Ɗana, kada ka taɓa akwatin nan ko da tsinke. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Shugabanmu a wurin aiki zai yi ritaya, dattijo ne ɗan Aveyron, yankin da ƙauyen Laguiole yake, mutumin da ya riƙe ni da mutunci shekara tara. Na ce ba abin da ya dace da shi sai wuƙar ƙasarsu. Ina dawowa daga hutu na tsaya a wata rumfa a bakin hanya, irin ta masu yawon buɗe ido. Mai rumfar ya fito da wata mai ƙotar ƙaho, ga ƙudan zuma, ga gicciyen makiyaya na ƙananan ƙusoshi, har da takardar shaida mai ruwan zinariya. Yuro 85 na ƙirga masa ina godiya.

Ranar walima, gaban ma'aikata sama da talatin, dattijon ya buɗe kwalin. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya duba gindin ruwan inda maƙera ke buga sunansu. Bai ce komai ba. Aka ce ya yanka kek da ita. Yana buɗewa ƙudan zuman nan ya ɓalle ya faɗa cikin faranti, ashe manna shi aka yi. Wuri ya yi tsit. Shi kuwa ya ɗauke shi da yatsa biyu ya sa a aljihu, ya rungume ni ya ce ya gode. Wallahi gara a ce zagina ya yi. Da na dawo gida na ɗora allura mai zafi a kan ta biyun da na saya wa kaina, ƙahon ya narke, warin roba ya cika ɗaki.

Na yi tafiyar awa uku na koma wurin mai rumfar. Ya ce shi bai yi ƙarya ba, Laguiole ya ce, Laguiole kuma aka rubuta. Ko sisi bai mayar mini ba.

Hajiyar Liyon: Sannu Alhaji, abin ba daɗi. Sai dai abin haushin shi ne ta nan gefen mai rumfar ya san inda ya tsaya. Laguiole sunan ƙauye ne a Aveyron, kuma sunan samfurin wuƙa, ba tambarin kamfani ɗaya ba. Shi ya sa ake ƙero su a Pakistan da Sin a buga sunan a shigo da su. Ƙudan zuma ba shaida ba ne, gicciye ba shaida ba ne, takarda kuwa kowa na da na'urar bugawa. Sunan maƙeri da inda aka yi ta, su ake nema.

Baban Ummi: To amma Alhaji, kai ma yuro 85 ai da ka ji a jikinka. Ta ainihi ba ta yin ƙasa da 150.

Ɗan Thiers: Ba haka ba ne, Yaya. Da 60 zuwa 70 za ka sami mai ƙotar itace, ƙirar Thiers, da sunan maƙeri a jiki. Na yi shekara huɗu ina goge ruwan wuƙa a wani kamfani a can.

Ɗan Tasi: Ni kuma shidan nan da suruki ke magana, na ga irinsu sak a intanet yuro 25 har da akwatin.

Ƙanin Kowa: To mun tashi daga 150 mun sauka 25. A ci gaba, in sha Allah kafin la'asar kyauta za a ba suruki.

Alhaji Mai Kube: Ɗan Thiers, da girmanka, amma wuƙar da aka yi a Thiers ba ta Laguiole ba ce. Shekara 22 ina tara wuƙa, akwatina akwai sama da ɗari. Ba yaron da zai koya mini.

Ɗan Thiers: Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, ba raini ba ne. Amma tarihi ba ya bin shekaru. An fara wuƙar a ƙauyen Laguiole wajen 1829, gaskiya ne. Daga baya aka ƙara mata basilla da makiyaya ke huda cikin saniya in ya kumbura, sannan abin zare murfin kwalba a 1880. Amma maƙeran ƙauyen sun ƙare, shekaru da dama Thiers ce ta riƙe wuƙar da rai, sai a 1987 aka sake buɗe maƙera a Laguiole. Rigimar nan da muke yi, su kansu garuruwan biyu har kotu ta kai su. Kuma duk wanda ya je gidan tarihin wuƙa na Thiers zai ga yadda masu washi ke kwanciya rub da ciki a kan katako, dutse na juyawa da ƙarfin kogin Durolle, kare kwance a ƙafafunsu saboda sanyi. Mutanen nan ba 'yan kwaikwayo ba ne.

Hajiyar Liyon: Kuma Alhaji, ka yi haƙuri, wuƙa ɗari a akwati ba ta kai guda ɗaya da ke aiki ba. Ni kullum sai na wasa wuƙa a kicin ɗin gidan abinci. Ƙarfen banza tun a kan dutse yake tona kansa, ba ya riƙe kaifi, sai ya yi ta lanƙwasa baki.

Alhaji Mai Kube: Hajiya, yankan albasa daban, tara wuƙa daban.

Ƙanin Kowa: Ku tsaya, ni tambayata ta malamai ce. Mai abin zare murfin kwalbar giyar nan, ya halatta Alhaji ya sa ta a aljihu ya tafi masallaci?

Ɗan Tasi: Kai da ka ce aljihu, ka tono mini ciwo. Suruki, duk wadda za ka saya, ka bar ta a gida. Ni Douk-Douk gare ni, 'yar siririyar nan ta ƙarfe zalla da gidan Cognet ke yi a Thiers tun 1929. Ba ta da wata tsada, amma kyautar abokina ce. Da ita nake ɓare lemo in ina jiran fasinja. Wani dare aka tare ni ana bincike, aka gan ta a aljihun ƙofar mota. Aka ce mene ne dalilina. Na ce lemo. Aka ce ina lemon? Na riga na shanye. Wuƙa ta tafi ke nan.

Baban Ummi: Ai da sauƙi tunda a nan ya tsaya. Ni abin da na sani, wuƙar da ba ta da makulli ba ruwan doka da ita.

Hajiyar Liyon: Yaya, kada ka sa mutane a uku. Dokar Faransa ta hana yawo da makamin rukunin D, rukunin da wuƙa ke iya shiga, ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin shekara guda da tarar yuro 15,000. Ba tsawo ko makulli kaɗai ake dubawa ba, ana duba wuri da lokaci. Wuƙa cikin kwandon abinci a daji wani abu ne, ita ɗin dai a tashar jirgin ƙasa da tsakar dare wani abu ne daban.

Ɗan Tasi: Kuma ana duba fuska, Hajiya, mu faɗi gaskiya. Dattijon ƙauye zai zaro tasa a gidan abinci ya yanka cuku, kowa na murmushi. Ni lemo ya ja mini.

Alhaji Mai Kube: Ku bar maganar 'yan sanda, filin jirgi fa? Wuƙata ta Nontron mai ƙotar itace mai zanen wuta, na manta ta a jakar hannu. Ruwan ya wuce santimita 6, jakata ta riga ta shige, jirgi na kira. Ina ji ina gani aka jefa ta cikin kwandon almakasai. Ni tambayata, ina suke kai su?

Surukin Hausawa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, labarinka ya tsorata ni. Na kira mai kayan, ya sauko 70, ya ce biyu daga ciki suna da wani rubutu ƙarami a gindin ruwa da ban lura da shi ba. Ɗan Thiers, in na ɗauko hoto gobe za ka duba mini?

Ɗan Tasi: Alhaji, wane filin jirgi ne? Ni a wani wuri an ba ni dama na aika wa kaina tawa ta gidan waya.

Alhaji Mai Kube: Ni ba wanda ya ba ni wata dama.

Ƙanin Kowa: Suruki, goron fa?