Himma da sahihiyar koyarwa: yaya kuke haɗa su a sujada?

Mai bishara: Salama, 'yan'uwa. Wata ikkilisiyar za ka tarar ana tsalle ana "Amin", amma ka tambayi mutum abin da aka koyar, sai kame-kame. Wata kuma koyarwa tsaf, rabin jama'a na gyangyaɗi. Masu hidima, me kuka ga yana aiki?

Fasto: Tun daga shiri ake ɓata abin. Mai wa'azi ya riga ya yanke abin da zai faɗa, sannan ya shiga farautar aya. Karanta surar duka tukuna, ka rubuta saƙonta a jimla ɗaya, misalai su zo daga baya. Dubi Filibiyawa 4:13, inda Manzo Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi. Ana ɗaga murya da ita a kan jarrabawa da neman aiki, alhali aya ta 12 maganar ƙoshi da yunwa take yi, kuma Bulus yana ɗaure ya rubuta. Ka yi wa mutum alkawarin da nassi bai yi ba, ran da abin ya ƙi, da Allah zai yi fushi.

Shugabar mawaƙa: Haka ne, Baba. Sabuwar waƙa a fara karanta baitocinta ba kiɗa. In an rasa nassin da ta tsaya a kai, a ajiye ta komai daɗin muryarta. Cikin waƙoƙi 4, aƙalla 2 su faɗi abin da Almasihu ya yi, ba yadda muke ji kawai ba. Mai kiɗa kuma ya daina raka wa'azi a ƙarƙashi, don mutum yakan kasa gane ko Maganar ce ta taɓa shi ko sautin.

Dattijo: Amma kada garin neman gira a rasa ido. Ikkilisiyar Afisa ta gwada manzannin ƙarya ta gano su, duk da haka aka tsawata mata a Ru'ya ta Yohanna 2:4 don ta bar ƙaunarta ta fari. Afolos mai wa'azi ma baftismar Yahaya kaɗai ya sani, Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa haske. Matashin da ya kuskure a bagade, a same shi bayan an tashi, Littafi a buɗe, a kuma sake ba shi dama. In aka ƙwace masa magana gaban jama'a, ba zai ƙara hawa ba.

Mai bishara: To batun magana da harsuna fa, Baba, wato mutum ya yi magana a sujada da harshen da jama'a ba su fahimta ba?

Dattijo: 1 Korantiyawa 14:27-28: mutum biyu, in ya yi yawa uku, bi da bi, da mai fassara. In babu mai fassara, mutum ya yi tsakaninsa da Allah.