Ina kan gaba har mita 60, daga nan sai a wuce ni

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana tseren mita 100. Ni zan wakilci makarantarmu a gasa bayan hutu. Tashina ba laifi, da an busa usur ni ke fara ficewa. Amma da na kai wajen mita 60 sai ƙafafuna su yi nauyi, kafaɗuna su sandare, ina ji ina gani wani dogon yaro ya zo ya wuce ni. Abokaina sun ce in riƙa zagaya fili kowace asuba don numfashina ya ƙaru. Wannan ne maganin?

Tsohon Malamin Wasanni:
Wa alaikumus salam, yarona. Zagayen fili aikin masu dogon zango ne, ba zai ba ka abin da kake nema ba. Kuma yaron nan da kake gani kamar ya ƙara wuta a ƙarshe, ba ƙarawa ya yi ba. Ko manyan 'yan tseren duniya suna kai ƙololuwar gudunsu ne wajen mita 60 zuwa 70, daga nan kowa raguwa yake yi. Wanda ya fi jinkirin raguwa shi ke cinyewa.

Abin da ke cin ka shi ne kana jin takunsa a bayanka sai ka cije haƙora, ka dunƙule hannu, ka ɗage kafaɗa. Jiki in ya sandare, taku gajarta yake. Duba bidiyon Usain Bolt a Berlin a 2009, ranar da ya yi daƙiƙa 9.58, ka kalli fuskarsa, kumatunsa rawa suke yi don sakewa. Taku 41 kacal ya yi.

Ka riƙa gudun mita 120 ko 150 da ƙarfi, ka huta sosai har numfashi ya dawo daidai, sannan ka sake. Kaɗan mai kyau ya ishe ka a rana. Kada kuma ka miƙe tsaye da wuri. Mita 20 zuwa 30 na farko ka yi su a karkace, kana tura ƙasa baya.

Maman Ilham:
Ƙanina, ni tashin naka ne ya tsaya min a rai. Ka tabbata jin usur kake yi, ba cankarsa kake ba? A makaranta ana kawar da kai, amma a babbar gasa akwai na'ura a jikin ƙarfen tashi, wato abin da ake danna ƙafa. Ka motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ƙarar bindiga, an kama ka. Tun 2010 kuskure ɗaya ne, sai waje. Bolt ɗin kansa haka aka kore shi a tseren ƙarshe na gasar duniya a birnin Daegu na Koriya ta Kudu a 2011. Na yi gudu ina sakandare, na ga yarinya ta shafe zango tana atisaye ta fita tana kuka kan wannan.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Malam, na gode Anti. Ba ni da takalmi mai ƙusoshi, filinmu kuma ƙasa ce.

Tsohon Malamin Wasanni:
Ƙasar ma tana yi. Ka haƙa ƙananan ramuka biyu, ɗaya tafin ƙafa biyu daga layi, ɗaya uku, ka samu wurin dannawa. Haka magabata suka yi kafin a kawo ƙarfen tashi. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe da waya, ka turo mu ga kafaɗun nan.